Wata goma bayan an cire mini mahaifa a wani asibitin kuɗi na Kaduna

Tun da na miƙe na koma bakin murhu, ba bikin da zan je girki da wata ba za ta ja ni gefe ba. "Maman Walida, wai a ina aka yi miki aikin nan? Nawa suka caje ki? Da gaske ne in an cire, mace ta tashi daga aiki?" Wasu sai an watse suke kira a waya, su ce wai ƙanwarsu ce ke tambaya. Na san ƙanwar. Bakina ya gaji da maimaici ina tsaka da juya waina, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya. Sunan asibitin kam ba zan kama ba, don cikin maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba na so a sallami 'yar wani daga aiki a dalilina. Asibitin kuɗi ne matsakaici a cikin gari, bene hawa ɗaya, gadajensa ba su kai 30 ba.

Shekarata 44, 'ya'yana 5, autata tana aji shida na firamare. Abincin biki nake yi a Hayin Banki: waina da miyar taushe, alkubus, funkaso, shinkafa in an ce shinkafa. Shekara uku na yi ina fama da jini. Al'adar da na saba yi kwana 5 ta koma 9, ta koma 12, har ta kai wata ba ya ƙarewa sai na cinye kwana 17 a ciki, da gudaji kamar yankan hanta. Audugar mata ta daina riƙe ni, na koma ninka tsohon zani. Wata rana a wani ɗaurin aure a Malali na tashi daga kan kujera 'yar tsugunno zan sauke tukunya, yarinyar da ke taya ni ta zo ta tsaya a bayana ta ce a hankali, "Anti, ki ɗaura mayafinki a ƙugu." Ranar a banɗakin mutane na yi kukana. Sallata ma ta rikice. Malamarmu ta Islamiyya ta ce a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya ɗora jinin ciwo ne, in yi wanka in ci gaba da ibada. To ai ni lissafin ne ya gagare ni. Ga haki in na taka matakala uku, ga jiri, ga wani kwaɗayin ƙanƙara da ya kama ni, in yi ta tauna ƙurus-ƙurus har haƙora su mutu. Ashe duk ƙarancin jini ne. Ciki kuma ya turo gaba, har ana ce mini Allah ya raba lafiya.

Tun shekara biyu kafin nan hoton ciki ya nuna ƙari a mahaifa, wanda likitoci ke kira faibiroid. Da na ji an ambaci wuƙa sai na cika wandona da iska. Na sha jarka-jarka na maganin "narkar da ƙari", na masu shela a mota da na masu talla a waya, ɗaya ma cewa aka yi daga Nijar aka kawo shi. Abin da na zubar a nan ya kusa rabin kuɗin aikin. Ba abin da ya narke sai jarina.

Da na sallama, shawara ta rabu. Maƙwabciyata a asibitin Barau Dikko aka yi mata nata, kuma har yau tana sa musu albarka. Ƙanwar Malam, maigidana, ta ce a wuce asibitin Shika na Zariya kawai. Ni kuwa abu biyu suka kai ni wannan asibiti: an ce mini likitar mata ce mace, sannan ina so a yanka mini rana tun da wuri in san bukukuwan da zan karɓa da waɗanda zan mayar.

Na buɗe kati a naira 5,000, ganin likita kuma 15,000 na biya. Mun isa ƙarfe tara, ba a kira ni ba sai sha ɗaya da rabi, muna zaune gaban talabijin ɗin da ba murya. Na riga na fara cika ina batsewa. Amma minti 40 ɗin da na yi a ofishin matar nan su ne abin da ya fi komai daraja a duk kuɗin da na biya, kuma saboda su ne nake iya tura wata can.

Da farko ta dubi Malam ta ce, "Alhaji, ka ɗan ba mu wuri, zan kira ka." Da ya fita ta tambaye ni, ni kaɗai, ko ina da sauran burin haihuwa. Ta ce kada in ba ta amsar da nake ganin miji ko dangi za su so, tawa take nema. Rabon da wani ya tambaye ni abin da nake so game da jikina, wallahi na manta. Na ce na gode wa Allah da biyar ɗin nan, lafiya nake nema. Sai ta juya bayan takardar rubuta magani ta zana mini abin da ke cikin marata, kashi huɗu: ga mahaifa, ga bakinta da ya leƙo ƙasa, ga bututu biyu dama da hagu, ga kuma ma'ajiyar ƙwai guda biyu a ƙarshensu. Ta ce mahaifar da ba ciki girmanta bai wuce ƙaramar fiya ba, nauyinta bai kai giram 100 ba. Tawa ta kai ta mai cikin wata biyar. An ƙirga ƙari 7, babban ya kai santimita 11, kuma shi ne ya danne mini mafitsara nake tashi fitsari sau huɗu a dare. Gwajin PCV, wato awon yawan jinin jiki, ya nuna 22, alhali mace mai lafiya daga 36 take farawa.

Ba ta ɗora mini tiyata kai tsaye ba. Ta ce akwai ƙwayoyin rage zubar jini, akwai allurar da ke sa ƙarin ya ɗan motse, amma ta 'yan watanni ce, da an daina ya dawo. Akwai aikin da ake tsince ƙarin a bar mahaifar, shi ake yi wa mai neman haihuwa, sai dai da yawansu irin nawa ana zubar da jini sosai a aikin, kuma wasu na iya sake tsirowa. Ta ce ƙarin yana rayuwa ne da sinadarin da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa, shi ya sa yake lafawa in mace ta daina al'ada, wanda yawanci yakan zo tsakanin shekara 45 da 55. "Amma Hajiya, da jinin nan naki ba zan ce ki jira shekara biyar ko bakwai ba." Daga nan ta sa biro ta kewaye abin da za ta cire: mahaifa, bakinta, da bututun biyu. Ma'ajiyar ƙwai ta ja musu layi a ƙasa ta ce waɗannan za ta bar mini su, sai fa in ta buɗe ta ga cuta a jikinsu. Bututun kuwa ba su da sauran aiki, kuma cire su na rage haɗarin kansar ma'ajiyar ƙwai, don da yawanta daga can take farowa.

Wannan layin da ta ja shi ne maganar gaba ɗaya, kuma shi ne abin da mata ba su sani ba. Mahaifa ɗaki ce ta renon ciki da zubar da jinin wata. Abin da ke riƙe da ƙuruciyar mace, danshinta, ƙarfin ƙashinta, daidaiton zafin jikinta, daga ma'ajiyar ƙwai yake fitowa. In an bar su, al'ada ta tsaya, haihuwa ta ƙare, amma jiki na ci gaba da tafiyarsa har lokacin da Allah ya ɗiba masa, ko da yake ta ce wani lokaci yakan ɗan zo da wuri. In kuwa an haɗa da su an cire, to a kwana ɗaya mace ta faɗa halin 'yar shekara hamsin. Ina da ƙawa, tare muka yi sakandare, aka yi mata aiki a wani gari tana da shekara 38. Ba wanda ya gaya mata an cire har da ƙwan. Ta koma gida zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe ta sharkaf cikin sanyin hunturu, barci ya ƙaurace, faɗa da kowa. Aka ce iska ce, aka ce kishiya ce. Shekara biyu ana hayaƙi da rubutu. Ni na ja ta zuwa wurin likitar nan bayan na warke, ta karanta tsohuwar takardar sallamarta ta ce ai ga shi a rubuce. Ta yi mata gwaje-gwaje ta ɗora ta a kan maganin da ke maye gurbin sinadarin, ta kuma yi mata bayanin kula da ƙashi. Yanzu tana barci.

Da aka kira Malam ya zauna yana ta murza hula, can ya ce, "Likita, to ya batun zaman iyali?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita ko gezau. Ta nuna masa zanen ta ce hanyar saduwa tana nan yadda take, samanta kawai ake ɗinkewa, kuma ba rami ake bari a cikin mace ba, hanji ne ke gyara zama ya cike gurbin. Ta ce sai an yi aƙalla sati 6 kuma ta duba ta ga ɗinkin ciki ya kama. Ta ƙara da cewa mata da yawa sun fi samun natsuwa bayan aikin, tunda ba ciwo ba jini. Ba ta ɓoye haɗarin ba: zubar jini, ƙwayar cuta a ɗinki, gudan jini a jijiyar ƙafa, da yiwuwar a taɓa mafitsara ko bututun fitsari tunda maƙwabtan juna ne. Kafin a sa rana sai da ta yi mini gwajin bakin mahaifa, ta ɗora ni a kan ƙwayar ƙarin jini sati 6, aka kuma ƙara mini jini leda ɗaya, har PCV ya hau 30. Ƙwayar nan tana mayar da bayan gida baƙi ƙirin, kada wadda aka ba ta tsorata.

Daga ƙofar ofishinta zuwa waje kuwa, wani asibitin ne daban. Takardar amincewa da aiki shafi biyu ce, da Turanci zalla, nas ta ɗora yatsa ta ce, "Mama, sa hannu nan." Ni na iya karantawa, na kuma tsaya sai da na nemo inda aka rubuta abin da za a cire. Amma a gabana wata baiwar Allah daga Rigasa ta dangwala yatsa a tata ba tare da an fassara mata ko layi ɗaya ba. A garin da kusan kowa ke jin Hausa, me zai hana a buga takardar nan da Hausa?

An ce in kawo mutum biyu su ba da jini. Babban ɗana da ƙanen Malam suka bayar, aka gwada na ƙanjamau da ciwon hanta, aka ajiye. Mai karɓar kuɗi ya rubuta mini 650,000 a 'yar takarda ya ce "komai da komai ke nan". Ku riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

An kwantar da ni ranar Litinin da yamma, bayan cika-ciki da 'yan kwanaki, ana tsakiyar damina. Daga sha biyun dare ba ci ba sha. Da safe aka sa mini robar fitsari, aka tura ni ɗakin tiyata, sanyi kamar cikin firji. Mai allurar kashe jiki wani dattijo ne mutumin Zonkwa, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ce in zauna in rungume filo in turo baya waje kamar mai jin sanyi. Na ji ɗan tsini a gadon baya, sai ɗumi ya gangara ƙafafuna, kafin minti biyar sun zama gungumen icce. Aka kafa koren ƙyalle a ƙirjina. Ido biyu aka yi mini aikin nan. Zafi babu, amma ina jin ana ja ana dannawa, kamar ana kwaɓin alkubus a cikina. Dattijon nan bai bar kaina ba, yana duba na'ura yana ja na da hira, wai in gaya masa sirrin wainar da ba ta shan mai. Ina cikin yi masa bayanin yadda ake jiƙa shinkafa aka ɗauke wuta. Gabana ya faɗi, na fara salati. Kafin in kai ƙarshe janareta ya ɗauka, fitilar saman ma ba ta mutu ba, ashe tana da batirinta. Ya ce, "Ci gaba, Hajiya, kin tsaya a yis." Awa biyu da 'yan mintuna aka gama. Yankan a kwance ta yi shi, can ƙasan mara inda zani ke rufewa.

Abin da ya faru a waje Malam ne ya ba ni labari. Nas ta fito da abin a cikin kwanon silba ta nuna musu, shi da Gwaggo. Ya ce kamar an cusa dankalin Hausa a cikin jaka, ƙulu-ƙulu, kilo 1 da ɗoriya. Gwaggo ta ce a ba su su kai gida a binne, tunda naman jikin mutum ne. Likita ta fito da kanta ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, sai an kai an duba shi a ɗakin gwaji tukuna. Irin wannan ƙari da wuya ƙwarai ya zama kansa, amma ido ba ya yanke hukunci." Aka zuba shi a farin bokitin roba da ruwan magani mai hawa ido, aka liƙe murfin da filasta, aka rubuta sunana, aka miƙa wa Malam wai ya kai da kansa. Asibitin da ya karɓi dubu ɗari shida da hamsin ba shi da ɗan aike. Haka bawan Allah ya tari Keke ya rungume bokiti a cinya, mai Keken na ce masa, "Alhaji, riƙe kunun nan da kyau, akwai ramuka a gaba." Bai tanka masa ba. Can ma sai da ya biya 30,000. Sakamako ya fito bayan sati uku, ba kansa ba ce, alhamdu lillahi.

Daren farko shi ne abin da ba zan yafe wa masu asibitin ba, ko da na yafe wa yarinyar da ke aiki. Wajen magariba allurar ta sake ni, ciwo ya taso kamar an ɗora mini dutsen guga a mara. Ƙararrawar da ke jikin gado ado ce. Nas ɗaya tal aka bari a saman benen gaba ɗaya, ga mu, ga masu haihuwa biyu. Ƙanwata ta sauka ta hau ya fi sau biyar tana nemanta. Allurar ciwon da aka rubuta a yi mini ƙarfe takwas ba a yi ba sai sha ɗaya saura. Ruwan da ake ƙara mini ya ƙare, jini ya biyo robar ya hau sama, ƙanwata ce ta lura ta murɗe abin da hannunta yadda ta ga ana yi. Sha biyun dare aka kashe janareta, wai sai in an shiga tiyata ake tayar da babban. Tagar ɗakin ragarta a yage, sauron damina ya yi biki a kaina, ni kuwa ko juyi ba na iyawa. Mutum ya zo a yi masa aiki ya koma da zazzaɓin cizon sauro? Washegari Malam ya kawo gidan sauro daga gida da fitila mai caji. Da yarinyar ta zo cire mini ruwa da asuba na ga idonta ja wur, ta ce tun safiyar jiya take tsaye. Na haɗiye faɗan da na shirya mata.

Da rana kuwa akwai wata babbar sista, mai jiki, ba ta dariya. Ita ce ta zo kwana ɗaya da aiki ta cire robar fitsarin ta ce, "Tashi, Hajiya." Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Kwanciyar nan ce ke daskarar da jini a ƙafa, in ya ɓalle ya tafi huhu ba ni da abin da zan gaya wa 'ya'yanki. Kama wuyana." Ta koya mini in danne ɗinkin da filo in zan yi tari, in mirgina gefe kafin in tashi. Taku shida na yi zuwa ƙofa ina ganin taurari. Kullum ta shigo tambayarta ɗaya, a gaban kowa, har da surukaina: "Kin yi tusa?" Ashe alama ce ta hanji ya farka. Ranar da na ce mata eh, tafi ta yi, ta ce a kawo ruwan shayi, daga baya kunu. Ciwon iskar da ta taru mini a ciki kafin nan, wallahi ya so ya fi na yankan. Na tsani matar nan kwana biyu, yanzu ko duk bikin da na yi sai na aika mata waina.

Kwana huɗu aka sallame ni. Nan "komai da komai" ta tashi daga 650,000 ta koma 812,000. Kuɗin gado daban, safar hannu da auduga da robar ƙarin ruwa daban, gwajin jinin da 'yan uwana suka bayar daban, har da wani layi wai kuɗin kula da majiyyaci, wanda na so in tambaya ko na daren farko ne. Malam ya ce ai kun ce komai da komai. Yaron ya ce, "Na tiyata ke nan, Alhaji." Sai da aka yi waya gida aka sayar da buhun shinkafata biyu da na ajiye na wani biki. Ban ce kuɗin ya fi ƙarfin aikin ba, ɓoyewar ce ta ƙona mini rai. Da sun faɗa tun farko da mun shirya. A cikin lissafin kuma na gano sun caji 18,000 sau biyu na saka jini, alhali leda ɗaya aka ƙara mini a tiyata.

Suka miƙo ledar magani, suka ce a dawo bayan sati biyu. Ko rabin shafi na abin da zan yi da wanda zan bari ba su ba ni ba, likita kuma ranar tana tiyata. Na koma gida hannun Gwaggo, wadda ta riga ta tanadi itace da ganyen darbejiya za ta yi mini wankan jego, ga kunun kanwa, ga zanin ɗaure ciki tamau. Da ƙyar Walida ta hana ta, ta ce a bari a tambaya. Ba wanda ya gaya mini zan yi sati uku ina ganin ɗan ruwa-ruwa mai launin ƙasa, ko cewa fatar saman ɗinkin za ta mutu kamar ba tawa ba, ko cewa ciki zai riƙa kumbura da yamma, ko cewa bayan gida zai zama yaƙi, ko gajiyar da in na yi wanka sai na kwanta. A kwana na tara gefen ɗinkin ya fara tsattsafo ruwa. Lambar da ke jikin katinsu na kira sau shida, tana shiga ba a ɗauka. Sai a wurin wata na samo lambar likitar na tura mata hoto ta WhatsApp. Cikin awa ɗaya ta amsa, ta ce in zo a wanke, ba abin tsoro ba ne. Ta kuma turo mini saƙon murya da Hausa, wanda na tura wa mata sun fi goma daga baya: in na ji zazzaɓi, ko jini ya ɓalle, ko ruwa mai wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari na zuba ba tsayawa, kada in jira gari ya waye. Ruwan zafin jego a kan ɗinki babu shi. Tafiya kaɗan-kaɗan kullum. Kada in ɗaga abin da ya fi buta cike da ruwa a makonnin farko, manyan tukwanena kuwa in manta da su sai bayan wata uku. In sha ruwa sosai, in ci ganye da gwanda. Minti biyu ne saƙon. Abin da ya kamata a ba kowace mace a bakin ƙofa ke nan, ba sai mai sa'ar samun lamba ba.

Sallah a zaune na yi ta kusan wata guda. Zogale, alayyafo, hanta da farfesun kaza kam na ci har na gode Allah. Akwai kuma abin da ba ya cikin lissafin kowa. Sati biyar da aiki aka yi suna a maƙwabta, aka miƙo mini jaririyar, ina karɓa sai hawaye. Ni da na ce na gama, ni da na roƙi a cire. Na kwana biyu ina jin kamar an yi mini rasuwa, ga kuma masu zuwa dubiya da bakinsu: wata ta ce "to yanzu sai ki sa ido, maza ba su da tabbas", wata ta kawo mini tallar haɗin Sakkwato wai na cike gurbi. Da na gaya wa likita a zuwan sati shida, ta ce mata da yawa na jin wannan baƙin cikin kuma yakan wuce, in ya ƙi wucewa in dawo mu zauna. Ya wuce. Maganar Malam kuwa, tunda na san ita kuke jira: lafiya lau, kuma haɗin Sakkwaton na nan a leda ban buɗe ba.

Yau PCV ɗina 37. Na daina tauna ƙanƙara. Tunda an cire har bakin mahaifar kuma gwajina ya fita lafiya, ta ce na huta da wancan gwajin, amma wadda aka bar mata bakin dole ta ci gaba da yi, don haka kowa ta san irin aikin da aka yi mata. Azumin bana na yi shi cif, tun daga ganin wata har Sallah ban sha ko ɗaya ba, abin da rabona da shi tun ina 'yar shekara 13. Ranar idi farin leshi na saka, na zauna a kan farar darduma a filin idi ba tare da na waiga bayana ba.

Masu tambaya ko su je: in don likitar ce da mutanen ɗakin tiyatarta, ku je da ido rufe. In don kwanciya ce, ku je da gidan sauro, da fitila, da 'yar uwa mai kaifin ido wadda ba ta jin kunyar buga ƙofa cikin dare. Ku sa a rubuta muku kuɗin layi-layi kafin ku biya ko sisi, har gado da gwaji da kai bokiti. Kuma ko a nan ko a wani wuri, kada wadda ta sa hannu sai an zana mata abin da za a cire da abin da za a bari, ta tambaya da bakinta, "Ƙwan fa?", ta kuma karɓi takardar sallama da sakamakon gwaji ta adana tare da takardun gida.

Ledar jinin da ba a ƙara mini ba na ce a ba duk mai buƙata, sadaka ce daga ƙanen Malam. Amma 18,000 ɗina na saka jinin da ba a saka ba, sau huɗu ina aika Walida da rasit. Na farko aka ce akanta ya tafi hutu, na biyu aka ce a dawo ƙarshen wata. Jiya ma ta biya ta can daga makaranta, suka ce oga bai shigo ba.